Jami'a kai tsaye, ko ta ƙofar IJMB, foliteknik da NCE? Shawarar da ɗan aji shida zai yanke kafin fom ɗin JAMB

Duk shekara, daga watan Agusta har zuwa ƙarshen shekara, iyaye kan zo mini da takardu biyu a hannu, sakamakon JAMB da na WAEC ko NECO, kuma tambayarsu ɗaya ce: "Malam, yaron nan ya ci, me ya hana shi samun gurbi?" In na karɓa na duba, sau da yawa sai in ga ya ci ɗin kuwa. Matsalar tun watan Fabrairu ta faru, ranar da ya zauna a gaban mai kwamfuta a cibiyar rajista, layi na bayansa, aka tambaye shi wace makaranta da wane kwas, ya faɗi abin da ya ji abokinsa ya faɗa. Minti biyar ɗin nan su suka ci masa shekara guda. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka nake so ɗan aji shida da iyayensa su zauna tun zangon farko su kwatanta hanyoyin da ke gabansu, tun kafin a fara sayar da fom.

A fara da yadda shekarar take tafiya, domin a nan rikicin yake. A 'yan shekarun nan JAMB takan buɗe rajista a Janairu ko farkon Fabrairu, a yi jarrabawar a Afrilu zuwa farkon Mayu. WAEC tana biyo baya daga nan har cikin Yuni, NECO kuma ta ɗauka daga Yuni zuwa Yuli. Sakamakon WAEC yakan fito a Agusta, na NECO ya biyo bayansa. Ma'anar wannan ita ce ɗalibi yana zaɓen makaranta da kwas alhali bai san makinsa na JAMB ba, bai kuma san ko zai samu kiredit biyar ɗin da ake nema ba. A cikin duhu ake zaɓen. Fitilar da yake da ita kawai ita ce sakamakonsa na aji huɗu da aji biyar, da na kwalifayin a jihohin da ake yin sa, da gaskiyar da malaminsa zai faɗa masa in an tambaye shi tsakani da Allah.

Hanya ta farko, wadda kowa ke so, ita ce jami'a kai tsaye. Jarrabawar darussa huɗu ce a kwamfuta, Turanci dole, sai uku da suka dace da kwas ɗin. Tambaya 180 cikin awa biyu, maki 400 gaba ɗaya. A sakamakon farko da hukumar ta fitar a 2025, mutum sama da miliyan 1.9 ne suka zauna, sama da miliyan 1.5 daga cikinsu ba su kai maki 200 ba. Ina kawo wannan ne don uba ya san cewa ɗansa da ya samu 190 ba daƙiƙi ba ne, yana cikin mafi yawan jama'a. Amma kuma ya san cewa 190 ba ya kai mutum kowane ɗaki.

Akwai wani ruɗani da ke cutar da mutane ƙwarai. Kowace shekara ana sanar da mafi ƙarancin maki na ƙasa baki ɗaya. A 2025 an sa 150 ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin aikin jinya, 100 ga foliteknik da kwalejojin ilimi. Sai yaro ya samu 165 a yi ta murna a gida, ana ganin magana ta ƙare. Alhali wancan adadin ƙasan rijiya ne kawai: ba a yarda wata jami'a ta sauka ƙasa da shi ba, amma kowace tana da ikon ɗaga nata, kuma kowane sashe a cikinta yana da nasa. Likitanci, harhaɗa magunguna, aikin jinya, shari'a da kimiyyar kwamfuta a manyan jami'o'i irin Ahmadu Bello (ABU) ta Zariya da Bayero ta Kano, masu nemansu sun ninka guraben sau da yawa, kuma daga sama ake fara ɗiba. Bayan haka yawancin jami'o'i suna da tasu tantancewar, wasu da jarrabawa, wasu da lissafa makin JAMB haɗe da darajar kiredit ɗin WAEC ko NECO. A irin wannan lissafi mai B ya wuce mai C ko da makinsu na JAMB ɗaya.

Abu biyu ne ke taimakon ɗan Arewa a nan, kuma da yawa ba su san su ba. Jami'o'in tarayya suna raba gurabensu kashi uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta zalla, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko, kuma mafi yawan jihohin Arewa suna cikin wannan rukuni. Saboda haka ɗan Jigawa da ya zaɓi jami'ar da jiharsa ke cikin yankinta yana da ƙofa fiye da ɗaya, wanda kuwa ya tsallaka can nesa ya rage wa kansa. Na biyu, jami'o'i sun yawaita. An buɗe na tarayya a Dutse, Dutsin-Ma da Kashere a 2011, aka ƙara na Gusau, Birnin Kebbi da Gashuwa a 2013, ga kuma na jihohi irin ta Wudil da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. Digirin Dutsin-Ma da na Zariya duk hukumar jami'o'i ɗaya ce ta amince da su, kuma sansanin bautar ƙasa ɗaya za su shiga. Na ga yara masu maki mai kyau sun zauna a gida saboda sun kafe sai ABU, alhali da wannan makin da sun shiga wata jami'ar ba tare da roƙon kowa ba. Wannan yana ba ni takaici har yanzu.

Kuma a sani, zaɓin farko shi ne zaɓi. Fom ɗin yana ba da gurbin makarantu fiye da ɗaya, amma jami'ar da masu nemanta suka yi mata yawa ba ta ma duba wanda ya sa ta a na biyu. Ana iya canza makaranta ko kwas bayan sakamako ya fito, a biya kuɗi a cibiyar da JAMB ta amince da ita, kuma wannan rahama ce babba. Sai dai canjin yana da amfani ne kawai in an yi shi kafin makarantar da za a koma ta rufe tantancewarta. Abin da ba ya canzuwa bayan jarrabawa shi ne darussan da aka zauna. Wanda ya yi Fiziks, Kemistiri da Bayoloji don likitanci, in makin bai kai ba zai iya komawa wasu kwasa-kwasan kimiyyar rayuwa, amma ba zai koma injiniyanci ba, domin can Lissafi ake nema tare da Fiziks da Kemistiri. Mai son shari'a ya sani jami'o'i da yawa suna neman Adabin Turanci, darasin da makarantunmu da dama ba su da malaminsa. Mai son tattalin arziki ko akanta ba shi da mafita daga Lissafi. Duk wannan yana rubuce a kundin JAMB, kyauta a intanet, sai dai kaɗan ne ke buɗe shi.

Ta fuskar lokaci, a takarda jami'a kai tsaye ce mafi gajarta: shekara huɗu ga yawancin kwasa-kwasai, biyar ga injiniyanci, noma da shari'a, shida ga likitanci. A takarda na ce, domin wanda ya shiga jami'ar gwamnati a 2019 ya ga yajin aikin malamai na kusan wata tara a 2020, ya sake ganin na wata takwas a 2022.

Hanya ta biyu ita ce wadda na fi so iyaye su fahimta, domin tamu ce ta gida kuma an fi raina ta: IJMB. Jami'ar Ahmadu Bello ce ke kula da jarrabawar, kuma shekaru da dama ke nan tana shigar da 'yan Arewa jami'a. Ɗalibi yana yin kusan shekara guda yana karanta darussa uku kacal a mataki na gaba da sakandare. In ya samu makin da ake nema, sai ya sayi fom ɗin DE, wato na masu neman jami'a da takardar gaba da sakandare, a wurin JAMB, ya shiga jami'a daga aji biyu. Ka lura da lissafin: abokinsa da ya samu gurbi kai tsaye ya yi shekarar a aji ɗaya, shi kuma ya yi ta a IJMB, sai su haɗu a aji biyu. Ba a yi asarar komai ba. Makarantar share fage ta ABU da ke Funtuwa tana cikin wuraren da aka fi sani da wannan karatu, akwai kuma kwalejojin jihohi da dama da ke yin sa. A Kudu suna da makamancinsa da ake kira JUPEB.

Kada a haɗa shi da rimidiyal, ko matirik kamar yadda ake kiransa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Shi wannan gyaran tushe ne: ana ƙarfafa ɗalibi a darussan sakandare, ya sake zana JAMB, in ya dace ya shiga aji ɗaya. Shekara guda ta ƙaru ke nan, amma ga yaron da ya fito daga makarantar da ba a taɓa kunna wuta a ɗakin gwaje-gwajenta ba, wannan shekarar gini ce.

IJMB na da nasa ƙayoyin, ba zan ɓoye ba. Karatun ya fi na sakandare zurfi nesa ba kusa ba, wanda ya je da wasa zai fito da makin da ba ya shigar da shi ko'ina. Guraben DE sun fi na aji ɗaya ƙaranci, musamman a likitanci da shari'a. Kuɗinsa a dunƙule ake biya, ga na kwana da abinci. Sannan akwai 'yan damfara da ke buɗe cibiya a shago biyu su rataya allo, su karɓi kuɗin mutane. JAMB ta tsaurara binciken takardun masu DE, kuma sakamakon da ba a iya tabbatar da shi daga tushe ba takarda ce kawai. Kafin a biya ko sisi, a tabbatar cibiyar tana cikin waɗanda ABU ta amince da su, a kuma tabbatar jami'ar da ake hari tana karɓar IJMB a wannan kwas ɗin. A nan zuwa da kai ya fi aike.

Hanya ta uku foliteknik ce. Shekara biyu a samu ƙaramar difloma, ND, a yi shekara guda ta koyon aiki a ma'aikata ko kamfani, a dawo a yi shekara biyu a samu babbar difloma, HND. Shekara biyar ke nan, kuma mai HND yana zuwa bautar ƙasa kamar mai digiri, in dai karatun na cikakken lokaci ne. Muna da su ko'ina: ta Kaduna, Nuhu Bamalli a Zariya, Husaini Adamu a Kazaure, ta Ƙauran Namoda, Waziri Umaru a Birnin Kebbi, Ramat a Maiduguri, Hasan Usman a Katsina. Babban alherinta shi ne tsani ce mai matakai. Bayan shekara biyu akwai takarda a hannu da za a iya neman aiki da ita, ko a kai ta DE a shiga jami'a aji biyu in sakamakon ya yi kyau. Yaron da mahaifinsa ya rasu yana aji uku a jami'a, in karatu ya tsaya, ya fita hannu rabbana. Na foliteknik kuwa ya riga ya riƙe wani abu. Ga gidan da ƙarfinsu bai tabbata ba, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne.

Illarta kuma kowa ya santa. Har yanzu ana bambanta mai HND da mai digiri a wuraren aiki da yawa, a matakin farawa da kuma inda ƙarin girma ke tsayawa, kuma mai son digiri na biyu sau da yawa sai ya fara yin wata difloma ta share fage. An sha yin maganar kawar da wannan bambanci a Majalisa, amma wanda ke neman aiki yau ya san yana nan. Ra'ayina shi ne: in abin da yaro ke so na hannu ne, lantarki, gini, awon filaye, gyaran injuna, aikin ɗakin gwaje-gwaje, foliteknik ta dace da shi, wataƙila ma ta fi. In kuwa zai je ne ya karanta harkar mulki ko gudanar da kasuwanci don dai ya samu wurin zuwa, to ya shiga da niyyar fita da ND mai ƙarfi ya haye jami'a, tun daga zangon farko ya yi karatu da wannan niyyar.

Ta huɗu, kwalejin ilimi. NCE shekara uku ce, ita ce mafi ƙarancin takardar da ake koyarwa da ita a ƙasar nan, ita ce kuma mafi sauƙin samun gurbi da sauƙin kuɗi. Mai NCE ba ya zuwa bautar ƙasa sai ya ƙara digiri, kuma ta DE aji biyu yake shiga, wato jimla shekara shida kafin digiri. Doguwa ce. Amma abubuwa suna sauyawa: dokar 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya ikon bayar da digiri da kansu, an kuma ɗaga wasu tsofaffin kwalejoji, irin na Zariya da Kano, zuwa jami'o'in ilimi. Ga iyayen da ke son 'yarsu ta yi karatu kusa da gida, ko a wurin da mata zalla ne kamar kwalejin ilimin fasaha ta tarayya da ke Gusau, wannan ƙofa ce ta mutunci. Abin da nake roƙo kawai shi ne kada a mayar da ita juji. In duk wanda ya rasa wurin zuwa shi za a tura ya zama malami, mun san irin ɗaliban da za su zauna JAMB nan da shekara goma. Kwalejojin aikin jinya da ungozoma da na kiwon lafiya ma suna nan, kuma gasar shigarsu ta fi yadda mutane ke zato zafi.

Saura hanyar da ba a rubuta ta a kowane fom ba, amma ita ce mafi yawan yaranmu ke bi: a zauna a gida a jira JAMB ta baɗi. Sakamakon JAMB shekara ɗaya yake aiki, don haka komai sabo za a faro. A cikin hanyoyin nan duka ita ce na fi tsoro. Yaro ya bar aji a watan Yuli, ba malami, ba jadawali, sai waya da majalisa. In Afrilu ta zagayo abin da ya sani ma ya zube. Yarinya kuwa, shekarar zaman nan sau da yawa ita ce ƙarshen maganar karatun gaba ɗaya. Wuri ɗaya na yarda da ita: yaro mai ƙoƙari na gaske wanda maki kaɗan ya raba shi da likitanci ko makamancinsa, yana da kiredit ɗinsa cikakku, kuma akwai takamaiman wurin da zai riƙa zuwa darasi kullum. Shi ma na fi so ya karɓi wani gurbin ya fara, ya sake zana JAMB yana ciki.

Ga yadda nake auna su in an tambaye ni. Wanda tun aji huɗu yake cikin na gaba-gaba, Turancinsa da Lissafinsa ba sa ba shi tsoro, ya nemi jami'a kai tsaye, amma ya zaɓi wadda jiharsa ke cikin yankinta, kuma ya riƙe sunan wata jami'ar da wani kwas ɗin a zuciyarsa don ranar da sakamako zai fito. Wanda yake tsaka-tsaki amma zuciyarsa na kan digiri, kuma gida za su iya ɗaukar nauyin shekara guda a dunƙule, ya zana JAMB, ya kuma sa ido kan fom ɗin IJMB tun kafin ya ji sakamako. Wanda gidansu ke lissafin kowace naira, ko wanda hannunsa ya fi bakinsa iya bayani, foliteknik. A kan kuɗi kuma, a san da asusun lamunin karatu na NELFUND da ya fara aiki a 2024: ba ruwa a cikinsa, yana biyan kuɗin makaranta a manyan makarantun gwamnati, jami'a da foliteknik da kwalejin ilimi duka, yana ba da naira 20,000 a wata na ɗawainiya, kuma sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa ake fara biya. Bashi ne dai, a shiga da sanin haka, kuma sai an samu gurbi ake nemansa.

WAEC ko NECO? Duk makarantun nan suna karɓar kowacce, haka ma NABTEB ta 'yan makarantun fasaha da NBAIS ta 'yan makarantun Arabiyya. Yawancin kwasa-kwasai sun yarda a haɗa sakamakon zama biyu, amma jami'o'i da yawa ba sa yarda da haka a likitanci. Mai hali ya yi biyun, domin Turanci ko Lissafi in ya kuɓuce a ɗaya yakan samu a ɗayar. Wanda gwamnatin jiharsa ce za ta biya masa ya tuna cewa an sha riƙe sakamakon ɗaliban wasu jihohi saboda bashi, har lokacin tantancewa ya wuce. In akwai yadda za a yi, a biya ɗaya daga aljihu.

Kowace hanya aka zaɓa, akwai ƙananan abubuwa da ke rushe babban shiri, kuma duk a zangon farko ake gyara su. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa, ana tura ta ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019 a samu lambar da za a sayi fom da ita. Sunan da ke kan NIN da ranar haihuwa su ne za su hau kan fom, don haka su zama daidai da abin da makaranta za ta tura wa WAEC da NECO, harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan uba ya koma na kaka, ya isa ya jawo zirga-zirgar wata da watanni. Layin wayar da aka yi rajista da shi ya zama na ɗalibin ko na gidansu, a adana shi, kada a yi da na mai kafen intanet. A duba shekaru kuma, domin 16 ne mafi ƙarancin shekarun shiga. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba a kai shi ya saba, ya kuma yi jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa kafin ta gasken.

Bayan sakamakon WAEC ko NECO ya fito, wanda ya yi rajista yana jiran sakamako dole ya koma cibiyar da aka amince da ita a ɗora masa shi a shafinsa na JAMB. In ba a ɗora ba, makaranta ba za ta iya ba shi gurbi ba ko makinsa nawa ne. Tun 2017 duk gurbin gaskiya ta manhajar CAPS yake fitowa, kuma ɗalibi da kansa zai shiga ya danna ya karɓa. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai samo gurbi ta bayan fage, a tambaye shi ko zai fito a CAPS, domin wanda bai fito a can ba, ranar da za a tura sunaye bautar ƙasa za a nemi nasa a rasa. Akwai wata ɗalibata da aka ba ta gurbi a kwas ɗin da take so, ya zauna a shafinta har wa'adin karɓa ya wuce, saboda layin da aka yi mata rajista da shi na wani yayanta ne da ya tafi ci-rani, lambar sirrin kuma tana wurin mai kafe. Sai a watan Janairu muka gani, ranar da ta zo a sake saya mata sabon fom.